Canjin Kuɗi: Yadda Za Ka San Abin da Zai Shigo Hannunka Kafin Ka Miƙa Naka

Mutum biyu, kowa da dala dubu ɗaya a aljihu, rana ɗaya, titi ɗaya. Ɗaya ya fito daga wajen canji da yuro 883, ɗayan ya fito da 862, kuma shi na biyun ne ma ya fi murna, don an rubuta masa a ƙofa cewa ba a karɓar la'ada. Ba wanda ya yi masa ƙarya, ba wanda ya ƙwace masa ko sisi. Lissafi ne bai yi ba.

Lissafin canji bai wuce sau da rabawa ba, kuma kalkuletar da ke cikin waya ta ishe ka. Wahalar tana wajen sanin wace lamba za ka ɗauka daga allo, da gano kuɗin da ake cire maka ba tare da an kira shi da sunansa ba. Alƙaluman da zan yi misali da su iri biyu ne. Akwai na gaske waɗanda hukumomi suka tsayar, kamar riyal 3.75 na Saudiyya a kan dala ɗaya, da sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Akwai kuma waɗanda na ƙaddara don sauƙin bayani, kamar dala 1.10 a kan yuro ɗaya. Duk inda ka ga “mu ƙaddara”, to misali ne, ka nemi farashin ranar da kake ciki.

Mataki na farko: karanta farashin daidai

Farashin canji jimla ce gajeriya: ɗaya na wannan kuɗin yana daidai da kaza na wancan. A intanet da takardun banki za ka gan shi da haruffa uku-uku, waɗanda aka tsara a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira ISO 4217. USD dalar Amurka ce, EUR yuro, GBP fam na Ingila, JPY yen na Japan, SAR riyal na Saudiyya, XOF sefar Afirka ta Yamma, XAF kuma sefar Afirka ta Tsakiya. Idan aka rubuta EUR/USD 1.10, kuɗin da ke gaba shi ne kayan da ake sayarwa, na baya kuma shi ake biya da shi: yuro ɗaya, dala ɗaya da santi goma. USD/SAR 3.75 kuwa, dala ɗaya ce a kan riyal uku da kashi uku cikin huɗu.

Ka saba da waɗannan haruffa, don suna kaɗai yana ruɗarwa. Amurka na da dala, Kanada na da dala, Ostareliya da Singafo da Hong Kong duk dala suke kira, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Riyal na Saudiyya daban, na Katar daban, na Iran kuma can wata duniyar. Dinarin Kuwait ya haura dala uku, na Iraƙi sai ka tara sama da dubu kafin ka sami dala ɗaya.

Sai ɗigo da waƙafi. A Faransa da Jamus da sauran ƙasashen da ke bin salonsu, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, don haka 655,957 a takardar Faransanci ɗari shida da hamsin da biyar ne da ɗoriya, ba dubu ɗari shida ba. Su kuma 1.500 a wajensu dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Kafin ka danna komai, ka tabbatar da salon da aka yi rubutun da shi.

Mataki na biyu: sau za ka yi ko rabawa?

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, alhali ƙa'idar ɗaya ce. Idan kuɗin da ke hannunka shi ne na gaba, wanda aka ce “ɗaya” a kansa, sau za ka yi. Idan na baya ne a hannunka, rabawa za ka yi.

Kana da dala 800, kana son riyal. Dala ce a gaba, don haka 800 sau 3.75, riyal 3,000 ke nan. Kana da riyal 1,500, kana son dala: ka raba 1,500 da 3.75, ka sami dala 400. Haka yuro 200 sau 655.957 zai ba ka sefa 131,191, sefa 100,000 kuma in ka raba ta da 655.957 za ta zama yuro 152.45.

In ka manta ƙa'idar, hankali zai tuna maka. Ka tambayi kanka wanne ya fi nauyi tsakanin kuɗin biyu. Daga mai nauyi zuwa marar nauyi, lambar ƙaruwa take yi. Daga marar nauyi zuwa mai nauyi, raguwa take yi. Wanda ya ɗauki riyal 1,500 ya yi sau 3.75 zai ga 5,625, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ba yadda za a yi riyal dubu da ɗari biyar ya haifi dala dubu biyar. Wannan gwajin yana rauni ne kawai idan kuɗin biyu sun kusa kai wa juna, kamar yuro da dala, inda sau da rabawa duk ke ba da lamba mai kama da gaskiya. A nan sai ka koma ga ƙa'idar, ka karanta a hankali.

Wani lokaci za a ba ka farashin a juye, wato riyal ɗaya dala nawa ne. Ka raba 1 da 3.75, za ka ga 0.26666 har ƙarshen allon kalkuleta. Kada ka yarda ka taƙaita shi zuwa 0.27 don ya yi kyan gani. A kan riyal 150,000, lissafin gaskiya dala 40,000 ne, amma da 0.27 zai fito 40,500. Dala ɗari biyar ta fito daga iska, kuma wani ne zai biya ta. Saboda irin wannan ne, da Turai za ta shigo da yuro a 1999, dokarta ta tsayar da farashin kowane tsohon kuɗi da lambobi shida cif, kamar mak na Jamus 1.95583 da faran na Faransa 6.55957, ta hana a datse su, ta kuma hana aiki da juyayyen farashi. Ka yi koyi da su: datsewa sai a ƙarshen lissafi, sau ɗaya.

A ƙarshen ma, ka san inda za ka datse. Dala da yuro lamba biyu suke ɗauka bayan ɗigo. Yen ba ya ɗaukar ko ɗaya. Dinarin Kuwait uku yake ɗauka, don fils dubu ne a cikinsa.

Mataki na uku: layin saye da layin sayarwa

Allon ɗan canji lamba biyu yake nunawa a gaban kowane kuɗi, ɗaya ta saye, ɗaya ta sayarwa. Abin da za ka riƙe shi ne, da bakin mai shagon aka rubuta allon. “Saye” na nufin shi zai saya daga gare ka. “Sayarwa” na nufin shi zai sayar maka. In ka rikice, ga gajeriyar hanya da ba ta taɓa kuskure: a cikin lambobin biyu, wadda ta fi ba ka haushi ita ce taka.

Mu ƙaddara allo ya nuna yuro, saye 1.06, sayarwa 1.14, duk da dala. Ka kawo yuro 1,000, zai saya a 1.06, ya ƙirga maka dala 1,060. Ka taka ƙofa, ka canza shawara, ka dawo ka ce a maido maka yuronka. Yanzu shi ke sayarwa, a 1.14, don haka dala 1,060 in an raba da 1.14, yuro 929.82 za ka karɓa. Cikin minti biyu yuro 70 ya tafi, kasuwa ba ta motsa ba, ba a kuma ambaci la'ada ba. Wannan ratar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce abincin ɗan canji.

Ba na ganin laifinsa. Yana biyan haya, yana ajiye tsabar kuɗi da ka iya faɗuwa kafin gobe, yana ɗaukar kasadar jabu da ta ɓarayi. Abin da ya rage naka shi ne ka san girman ratar. Ka cire ƙaramar lambar daga babbar, ka raba da babbar, ka yi sau ɗari: 0.08 a raba da 1.14, kusan kashi 7 cikin ɗari. Rata mai faɗi irin wannan an fi samunta a filin jirgin sama da otal, inda aka san matafiyi ba shi da zaɓi. Takan kuma faɗaɗa a kan kuɗin da ba a yawan nema, don mai shago bai san ranar da zai sami wanda zai karɓe shi daga hannunsa ba. Shagon da ya nuna lamba ɗaya tak ya ɓoye ɗayar kuwa, ka tambaye shi. In ya yi ta kame-kame, ka ƙara gaba.

Mataki na huɗu: nemo ma'auninka

Ba za ka san an yi maka tsada ba sai kana da abin aunawa. Ma'aunin shi ne farashin tsakiya, wanda ke tsakanin saye da sayarwa a babbar kasuwar da bankuna ke ciniki da junansu. Kasuwa ce mai girman gaske: binciken da bankin BIS, wato bankin manyan bankunan ƙasashe da ke Basel a Suwizalan, ya yi a 2022 ya nuna ana juya kimanin dala tiriliyan 7.5 a cikinta kowace rana, kuma dala na ɓangare ɗaya na kashi 88 cikin ɗari na cinikin. Farashin da Google ko shafin canjin kuɗi na XE ke nuna maka idan ka bincika, daga can yake. Babban Bankin Turai ma yana wallafa nasa kowace ranar aiki da misalin ƙarfe huɗu na yamma agogon tsakiyar Turai, haka manyan bankunan ƙasashe da dama.

Kada ka je ka dangwara wa ɗan canji waya a fuska ka ce lallai sai ya ba ka wannan farashin. Na masu cinikin miliyoyi ne, mai 'yan ɗaruruwa ba ya samunsa. Amfaninsa a wajenka shi ne ka ga nisan da ke tsakaninsa da abin da aka yi maka tayi. A misalin sama, tsakiyar 1.06 da 1.14 shi ne 1.10, ka ga ke nan kowane ɓangare yana cin kusan kashi 3.6 cikin ɗari.

Akwai ƙasashen da ma'aunin kansa ke rabuwa biyu, farashin gwamnati daban, na kasuwar bayan fage daban. Labanan ta riƙe fam ɗinta a 1,507.5 kan dala ɗaya tun 1997, kuma bayan rikicin tattalin arziƙin da ya ɓarke a 2019 lambar ta ci gaba da zama a takarda alhali a titi dala ta ninka haka sau da yawa, sai a Fabrairun 2023 aka sauya ta a hukumance. Ajantina ma ta daɗe da irin wannan. A irin waɗannan wurare, lambar intanet na iya zama ta gwamnati wadda ba kowa ke samu ba. Ka bincika wane farashi ne bankinka ko katinka zai yi aiki da shi, ka kuma san abin da dokar ƙasar ta ce, don a wasu wuraren canji a wajen marar lasisi laifi ne da kan kai mutum gaban alƙali.

Mataki na biyar: tambaya ɗaya da ta fi allo

Kuɗin canji ta hanya uku ake cire shi: ta rata a cikin farashi, ta la'ada tsayayya wadda ba ruwanta da yawan kuɗinka, da ta la'adar kaso cikin ɗari. Kowane mai canji yana haɗa su yadda ya ga dama, sannan ya tallata wanda ya fi daɗin ji. Shi ya sa kwatanta allo da allo ɓata lokaci ne. Tambayar da za ka yi kowa ita ce: “In na ba ka kaza, nawa zan karɓa a hannu bayan an cire komai?”

Mu koma ga mutanen nan biyu na farko, mu ƙara musu na uku. Kowa na da dala 1,000, yana son yuro, farashin tsakiya kuma mu ƙaddara 1.10 ne. Da babu mai cin komai, 1,000 a raba da 1.10 zai ba da yuro 909.09. Wannan ita ce lambar da za mu auna kowa da ita.

Shago na farko ya ce babu la'ada, yana sayar da yuro a 1.16. Ka raba 1,000 da 1.16, yuro 862.07. Shago na biyu yana sayarwa a 1.12 amma yana cire dala 15 a kan kowane ciniki. Saura 985, a raba da 1.12, yuro 879.46. Na uku yana sayarwa a 1.11 da la'adar kashi 2 cikin ɗari. Saura 980, a raba da 1.11, yuro 882.88.

Yanzu ka cire kowanne daga 909.09. Na farko ya ci yuro 47.02, wato kashi 5.2 cikin ɗari. Na biyu ya ci 29.63, kashi 3.3. Na uku ya ci 26.21, kashi 2.9. Mai “babu la'ada” shi ya fi kowa tsada, da nisa. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda aka ce kyauta ne, ka leƙa cikin farashin.

Kada kuma ka ɗauka shago na uku ne gwarzo ko da yaushe. Yawan kuɗin yana juya sakamakon. A kan dala 100, na farko zai ba ka yuro 86.21, na uku 88.29, na biyu kuwa 75.89 kacal, don dala 15 ɗin nan ta cinye wani babban yanki na ɗan abin da ka kawo. A kan dala 10,000 sai lamarin ya kife: na farko 8,620.69, na uku 8,828.83, na biyu 8,915.18. La'ada tsayayya abokiyar mai kuɗi da yawa ce, maƙiyiyar mai kaɗan. Idan da ita ake maka ciniki, ka haɗa kuɗinka ka canza sau ɗaya maimakon ɗiba-ɗiba.

In kana son lamba guda da za ka riƙe a ka, ka raba abin da ka bayar da abin da ka karɓa. A shago na biyu, 1,000 a raba da 879.46 zai ba ka 1.137. Wannan ne farashin da ka biya a zahiri, ko da allo ya ce 1.12.

Wani lokaci daga ƙarshe ake faro lissafin. Makaranta ko asibiti ko mai kaya ya ce yuro 2,000 cif yake so, kai kuma kana son sanin dala nawa za ka tanada. A shago na biyu, 2,000 sau 1.12 ya ba da 2,240, ka ɗora 15, dala 2,255. A na uku akwai ɗan tarko. 2,000 sau 1.11 ya ba da 2,220, amma tunda kashi biyun daga jimillar abin da ka miƙa ake cirewa, rabawa za ka yi da 0.98, ka sami 2,265.31. Wanda ya yi sau 1.02 zai tanadi 2,264.40, ya gaza da santi casa'in da ɗaya. Abin dariya ne a ido, amma akwai wuraren da ba sa ɗaukar an biya sai kuɗin ya cika.

Mataki na shida: idan babu farashi kai tsaye

Ba kowane kuɗi biyu ne ke da farashi a tsakaninsu ba. Idan babu, sai a bi ta na uku, galibi dala. Riyal na Saudiyya yana 3.75 a kan dala tun 1986, dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma yana 3.6725 tun 1997. Kana da riyal 10,000, kana son dirhami. Ka raba da 3.75, dala 2,666.67. Ka yi sau 3.6725, dirhami 9,793.33. A taƙaice, 3.6725 a raba da 3.75 ya ba da 0.9793, farashin riyal ɗaya da dirhami ke nan.

Kada ka haddace wata sabuwar ƙa'ida a nan. Ƙa'idar mataki na biyu ce kawai za ka maimaita sau biyu, kana tambayar kanka a kowane zango ko kuɗin hannunka na gaba ne ko na baya. Mu ƙaddara fam ɗaya dala 1.25 ne, dala ɗaya kuma yen 150: fam zuwa dala sau, dala zuwa yen sau, fam ɗaya ya zama yen 187.5. Fam zuwa yuro kuwa, sau 1.25 sannan rabawa da 1.10, ya ba da yuro 1.136.

Wannan lissafin yana bayyana wani abu da kan ɗaure wa mutane kai. Sefa a ɗaure take da yuro, amma kullum farashinta da dala yana motsi. Dalili: in yuro yana 1.10, dala ɗaya sefa 596 ce. In ya sauko 1.05, ta zama 625. Sefar ba ta yi komai ba, yuro ne ya ja ta.

A takarda bi ta kuɗi na uku ba ya cin komai. A shago kuwa rata biyu za ka biya. Idan za ka tafi ƙasar da ke amfani da yuro kuma akwai yuro a inda kake, babu hikima ka sayi dala tukuna don ka saba da ita. Sai dai fa idan kuɗin ƙasar da za ka je ba a samunsa a wajenku sai da rata mai muni. A nan ɗaukar dala ko yuro ka canza can yakan fi. Ka lissafa hanyoyin biyu har ƙarshe, ka ga wadda ta fi barin kuɗi a hannunka.

Mataki na bakwai: kati, na'urar cire kuɗi, da aike

Idan ka biya da kati a ƙasar waje, Visa ko Mastercard kan yi canjin da farashinsu, sannan bankinka ya ɗora nasa kason in yana da shi. Ka tambayi bankinka wannan kason kafin tafiya. Amma babban ramin yana kan allon na'urar kanta. Takan tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko da kuɗin asusunka? Na biyun yana da daɗin gani, don ka ga lambar da ka sani. In ka zaɓe shi, ka ba mai na'urar dama ya yi canjin da farashinsa.

Mu ƙaddara asusunka na dala ne, an yi maka lissafin yuro 120. Na'ura ta ce ka biya dala 141.60, wato ta sa yuro a 1.18. Ka ƙi, ka zaɓi yuro. Kamfanin kati ya canza a 1.105, ya zama 132.60, bankinka ya ɗora kashi 2, jimilla 135.25. Danna maɓalli ɗaya ya bar maka dala shida da ɗoriya. Shawarata a nan ba ta da amma: kuɗin ƙasar da ƙafarka ke kai shi za ka zaɓa, a kanti ne, a otal, ko a ATM. Mai kanti ma wani lokaci shi ke dannawa a madadinka, don haka ka faɗa masa tun kafin ya miƙo na'urar.

Aike ta banki yana da nasa ɓoyayyen wuri. Kuɗin da ya bi ta SWIFT, wato tsarin da bankunan ƙasashe ke aika wa juna kuɗi da shi, yakan ratsa wani banki ko biyu a tsakiya, kowanne kuma na iya yankar rabonsa. A fom ɗin za ka ga zaɓi uku: OUR, kai ka ɗauki dukkan caji, SHA, ku raba, BEN, a cire daga na mai karɓa. Idan adadi cif ake jira a can, na farkon za ka zaɓa. Kamfanonin aike da manhajojin waya kuwa, tambayar mataki na biyar ta ishe su: nawa zan biya, nawa zai isa. Binciken Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa matsakaicin kuɗin aike a duniya yana wajen kashi 6 cikin ɗari, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa burin a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Ka ɗauki waɗannan biyun a matsayin sikeli: ƙasa da uku ka dace, sama da shida ka sake dubawa. Ka lura kuma wasu manhajojin na ƙara ɗan kaso a ƙarshen mako, lokacin da babbar kasuwa ke rufe.

Batun jira

Kowa na son sanin ko ya canza yau ko ya jira. Tun da Shugaba Nixon na Amurka ya raba dala da zinare a 1971, manyan kuɗaɗen duniya suka koma yawo da kasuwa, suna bin kuɗin ruwan manyan bankuna, hauhawar farashi, da siyasa. Ko waɗanda aka ɗaure ma igiyar kan tsinke. A ranar 15 ga Janairu, 2015, babban bankin Suwizalan ya janye iyakar faran na Suwizalan 1.20 da ya sa wa yuro ba tare da gargaɗi ba, ƙwararrun 'yan kasuwa suka tafka asara cikin mintoci. In su ba su hango ba, ni da kai ba za mu hango ba. Wanda ke da biya mai ranar ƙarshe ya canza abin da yake buƙata. Wanda ke da kuɗi mai yawa da lokaci, ya raba shi kashi uku ko huɗu, ya canza a ranaku daban-daban.

Abu ɗaya dai ka iya karantawa idan labari ya zo. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Faran ya ƙaru da kashi 100, amma sefa kashi 50 ta rasa, ba ɗari ba. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da kuɗin da kake kallo. Kuma idan lambar da ke gaban kuɗin waje ta hau, naka ne ya sauka.

Ranar da za ka riƙe tsabar kuɗi

Ka yi lissafinka a waya tun kana waje, ka shiga da lambar a ka. Ka ji adadin daga bakinsa kafin kuɗinka ya bar hannunka, ka ƙirga abin da aka ba ka a gaban kanta, ba bayan ka fita ba, ka karɓi rasit. A wurare da yawa za a nemi fasfo ko katin shaida.

Takardar kuɗin kanta tana da farashi. Yagaggiya, mai tabo, ko wadda aka yi wa rubutu, ana iya ƙin ta ko a rage mata. 'Yan canji da dama sun fi son takardar dala ɗari mai shuɗin zare da ta fito a 2013, sukan kuma rage wa tsofaffi da ƙananan takardu, duk da cewa a Amurka dukkansu halastattu ne. Wasu takardun kuwa sun daina aiki ɗungurungum a kasuwa: fam 20 da fam 50 na takarda sun bar yawo a Ingila tun 30 ga Satumba, 2022, aka bar na roba. Ghana ta yanke sifili huɗu daga sidi a 2007, Turkiyya ta yanke shida daga lira a 2005, don haka takarda mai sifili rututu da wani ya miƙo maka a titi na iya zama tarihi kawai.

A kan iyaka, Amurka na so ka bayyana abin da ya haura dala 10,000, Tarayyar Turai kuma daga yuro 10,000 zuwa sama. Ɗauka ba laifi ba ne, ɓoyewa ce ke jawo ƙwacewa. Wasu ƙasashen, irin su Tunisiya, sun hana a fita da kuɗinsu, kuma rasit ɗin canjin farko shi za a nema kafin a maida maka ragowar.

Sulalla ba safai 'yan canji ke karɓar su ba, ka kashe su kafin ka tashi. Ragowar takardu kuma, in dala ce ko yuro ko fam kuma kana sa ran wata tafiyar, ka ajiye abinka. Maida su yana nufin ka koma layin saye, ka biya ratar nan karo na biyu.